Ƙyasfin Itace a Garkar Malam Hodi

Duk wanda ya sake tambayata ko maganin suga nake haɗawa, wallahi sai na gaya masa baƙar magana, ko da rawani a kansa. Na gaji. Na faɗa da Hausa, na faɗa da Turanci, har liman na roƙa ya yi sanarwa bayan sallar Juma'a. Duk a banza. Ranar da liman ya yi sanarwar ma, shi da kansa ya ja ni gefe ya ce in da hali in ɗan sammasa, saboda surukarsa.

Sunana Hamida. Ina koyar da ilimin tsirrai a wata babbar makaranta a Birnin Kebbi, gidana yana Badariya, amma asalina 'yar Argungu ce. Abin da na zaɓa in yi digirina na uku a kansa, ko akuya ba ta kallonsa. Ka taɓa lura da wani dabbare-dabbare, wani fari-fari, wani kore-kore, manne a bawon tsohon mangwaro ko maɗaci? To shi. A littafi laiken ake ce masa. Mutanenmu ko suna ba su ba shi ba, Babana ne ke kiransa ƙyasfin itace, ni ma na bi bakinsa.

Ba ciwo ba ne, ba kuma abu ɗaya ba ne. Halitta biyu ce a haɗe. Akwai funfuna, danginsu ɗaya da wadda ke fitowa a kan tuwon da aka manta a kwano, akwai kuma gansakuka, irin wadda ke sa bakin rijiya santsi. Funfunar ke yin jiki ta riƙe laima, gansakukar tana ciki tana samar musu abinci da hasken rana. Abin da ya ɗaure wa masana kai shi ne, funfuna iri ɗaya, a wannan ƙasa ka same ta da wata gansakuka, a waccan ƙasa ka same ta da wata daban. Ni tambayata ƙarama ce. Wadda ta tashi a tudun Birnin Kebbi inda rana ke gashi, in aka kai ta fadamar Argungu mai laima, za ta riƙe gansakukar da ta zo da ita, ko za ta sake ta ta ɗauki ta can?

Yadda ake ganewa ba wuya, sai dai haƙuri. Na yanko bawo mai ƙyasfi daga itatuwan tudu, kowane yanki kamar murfin kwalba, na kai fadama na kafe a jikin itatuwan can da ƙaramar ƙusa. Na kwaso na fadama na kafe a tudu, wajen Gesse da bayan gari. Kowane itace na zagaye shi da jan fenti don kada in ɓata. Daga nan sai jira. Wannan abu a shekara ba ya ƙara abin da ya fi kaurin farce. Sai ya rarrafo daga tsohon bawon ya kama jikin sabon itacen, wannan sabon bakin shi ake kankarewa a gwada. In ka yi gaggawa, tsohuwar gansakukar za ka tarar, ka yi wahalar banza. Na taɓa gwadawa da wuri, na ga yadda ta kaya.

Makaranta kuwa ba ruwanta da kaurin farce. An yi mana doka, malamin da bai kawo digirin nan ba zuwa lokaci kaza, ya nemi wani wurin. An ɗaga mini ƙafa sau ɗaya, an sake ɗagawa, aka ce daga wannan babu kuma. Aikina da shekarun da na zuba, duk suna rataye a jikin bawon itace.

Yanzu ka ji yadda mutanenmu suka shiga ciki.

Ka dube ni da idonsu: mace ta fito daga mota da safar hannu, da madubin ƙara girma, da 'yan ambulan. Ta tsaya jikin itace ta daɗe tana leƙe, ta auna, ta tafi. Bayan wata biyu ta dawo wannan itacen dai, ba na kusa da shi ba. Ɗalibanta kuma suna ce mata Dakta tun ba ta zama ba. Wata rana a hanyar Augie wani mai albasa ya ajiye buhunsa ya zo ya gaishe ni da ladabi, ya ce, "Hajiya, abin ga da kike ɗiba, ina aka kai shi?"

Ni kuma da bakina na ce masa Turai ake aikawa a gwada.

Ya gyaɗa kai a hankali. "Ai ko. Bature ba shi gwada banza."

Shi ke nan fa. Kafin damina ta zagayo, labari ya gama Augie ya shigo Argungu ya wuce Birnin Kebbi: likita ta gano maganin suga a jikin itace, ta sa alama da jan fenti, gwamnati ta hana ta faɗa sai Turawa sun gama kwasa. Kai, jama'a! Mutanen da tun kakanni suke sassaƙar maɗaci don ciwon ciki, me ya fi musu sauƙi kamar su yarda?

Itatuwan Gesse aka fara yi wa. Na je na tarar da farin jikin itace tsirara yana zubar da ƙaro, daidai inda na kafe abina. Ba a taɓa ko'ina ba sai cikin da'irar fentin. Na zauna a ƙasa da kayan aikina na yi kuka kamar an yi mini mutuwa, masu babur suna wucewa suna kallona.

Ranar kasuwar Argungu na ga kayana a shimfiɗe a kan buhu, gaban wani mai sayar da sassaƙe. 'Yan zagayayyun bawona ne, ƙusoshina ma ba a cire ba. Ashe ƙusar ce shaida, da ita mai saye ke gane na likita ne ba jabu ba. Na ce masa, "Malam, ka ji tsoron Allah! Wannan nawa ne, kuma ba ya maganin komai."

Ya dube ni sama da ƙasa, ya juya ga mutanen da suka fara taruwa. "Kun ji ko? Ga mai shi nan ta ce nata na. To wa ad da sauran shakka?"

Kafin in bar wurin buhun ya zama wayam. Ni na yi masa talla da bakina.

Na daina shafa fenti. Sai suka koma bin sawun motata. Itacen da duk na tsaya a gindinsa, ko inuwa na sha, kwana biyu ka zo ka tarar an feɗe shi. Akwai wani maɗaci a bakin hanyar Augie da ya girmi kakana, suka zagaye shi da gatari har ya bushe a tsaye. Na kai ƙara wurin mai unguwa, ya saurare ni da kyau, ya tausaya mini, ya raka ni har mota, sannan ya sunkuyo ta taga ya tambaye ni ko da kanwa ake dafa shi. Ban san lokacin da na ja motar na kusa taka masa ƙafa ba.

Haka suka bi su ɗaya bayan ɗaya. Na tudu suka ƙare ƙaf. Na fadama ya rage itace ɗaya tak, wani tsohon mangwaro a garkar Babana.

Babana Malam Hodi manomin shinkafa ne, tun yana saurayi yake cikin laka har ƙarfi ya ƙare. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, Inna yake ce mini. Tun ranar da na kafe 'yan bawona a mangwaronsa ya ɗauki tabarma da rediyo da sandar gora ya tare a gindinsa. Can ake kai masa fura, can yake sallolin rana. Da labarin magani ya yi zafi sai ya sa aka yi masa 'yar bukka ya koma kwana can. Na taɓa iske shi ya tare wasu ƙarti biyu da gatari a bakin shinge, shi da ba ya iya miƙewa sai da sanda.

"Wanda duk yat taɓa iccen ga, ni da shi na," in ji shi. "Ɗiyata ta aje abinta, ta ce bai isa ba. Ku tahi tun muna shaida juna."

Suka tafi kuwa. A Argungu ba a yi wa Malam Hodi gardama a gabansa.

Duk duniya shi kaɗai nake gani ya fahimce ni. In na zo aunawa sai ya matso ya ce, "Inna, mi as sunan ta cikin? Mai dahwa abincin?" In ce gansakuka. Ya yi dariya ya ce Allah mai iko, ya karɓi madubina ya leƙa da ido ɗaya. Ya san kowane yanki, ya san wanda ya fi sauri da wanda ya yi nawa. Wani lokaci kafin in fito da ma'auni zai nuna da sanda ya ce wancan ya ƙaru, in auna in ga ya ƙaru ɗin. Kullum tambayarsa ɗaya ce in zan tafi: "Yaushe za shi isa?" Ni kuma in ce saura kaɗan, Baba.

Bana da rani na buga wa Farfesan da ke duba aikina waya na gaya masa gaskiya, itace ɗaya ya rage. Ya ce itace ɗaya ba bincike ba ne, amma in waɗannan suka tsallake daminar nan suka ba da sabon baki, zai haɗa da awon da na tara ya tsaya mini a gaban kwamiti. In ba su tsallake ba, ba shi da abin faɗa. Na zo na gaya wa Baba saura damina ɗaya. Ya ɗaga hannu ya ce, "Damana guda? Allah shi kai mu." Ranar har da ɗan farin cikina na koma Badariya.

Ana cikin girbin albasa ƙaya ta soke shi a ɗan yatsan ƙafa, nan cikin garkar. Baba ya daɗe da suga, yana shan ƙwayoyinsa in ya ga dama. Bai gaya wa kowa ba, ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da gadinsa. Wari ne ya tona shi. Na zo awo na ji wani abu yana bugun hanci, na duba ko mushe ne a cikin ciyawa, ashe ƙafar mahaifina ce.

Na ɗauko Cecilia. Ma'aikaciyar jinya ce, 'yar Filato, maƙwabciyata a Badariya, 'ya'yanmu tare suka tashi. Ta kwance tsumman ta duba, sannan ta ja ni muka fito bayan shinge.

"Maman Sumayya, yatsan ya mutu," ta ce. "Baƙin yana hawa. Ki kai shi asibiti yau, ba gobe ba."

Da ƙyar da roƙo, da maƙwabcinsa Dikko ya yi rantsuwa zai zauna a gindin mangwaron, Baba ya yarda muka kai shi Birnin Kebbi. Likita ya duba ya ce sai an yanke daga ƙasan gwiwa, in an jima kuma sai daga cinya, in an ƙara jimawa ba sai an yanke komai ba. Baba ya saurara har ƙarshe, ya yi godiya, ya ce a mai da shi gida. Mutum ne da hankalinsa, ba a yi masa dole. Muka mai da shi gidansa na Argungu, ni ina tuƙi ina zage-zage a zuci, shi yana jan carbi.

Cecilia ta riƙa bina kullum bayan ta tashi aiki tana wanke ciwon, Allah ya saka mata. Kullum baƙin ya ɗan ƙara hawa. 'Yan uwa suka yi magana, abokansa suka yi, ya ce shi da ƙafa biyu ya zo duniya. Dikko kuma ya fara ƙorafi, albasarsa tana rana tana lalacewa, mutane suna zagaya shingen kamar kuraye tun da suka ji Malam ya kwanta. Ga hadari ya fara haɗuwa ta gabas da yamma yana watsewa. Ina kallon sama ina kallon ƙafar Baba, ban san wanda zan roƙi Allah ya gaggauta ba.

Wata ranar Laraba da hantsi ya sa aka fitar da kowa daga ɗakin, ya ce in zauna kusa. Ya rame, idanunsa sun faɗa, amma muryar tana nan.

"Inna, na tsare maki shi ko ban tsare ba?"

"Ka tsare, Baba."

"Ban bar kowa shi taɓa ba. Ni kaina ban taɓa ba, ga shi kullum ina kwana ƙarƙashinai da ciwon ga a jikina. Kin ce bai isa ba, na yi haƙuri. Kin ce sai damana." Ya nuna ƙafar da haɓa. "To wagga ba ta kai damana. Ki ɗebo mani hakanan, ko bai nuna ba."

Wallahi da farko ban gane ba. Sai can na gane. Duk shekarun nan, duk dariyar nan da leƙen madubi, ashe shi ma jiran magani yake yi. Bambancinsa da masu gatari, shi ya yarda a bari ya nuna.

"Baba, ba magani ba na," na ce. "Wallahi tallahi ba magani ba na. Karatu na kawai. So nike in san ko funfunar tana sake gansakuka, shi ke nan. Ba shi warkar da komi."

Ya daɗe yana kallona. Ba fushi a fuskarsa, da ma fushin ne da ya fi mini sauƙi.

"Na san an hana ki hwaɗi," ya ce a hankali. "Ban ga laihinki ba, aiki na. Ki hwaɗa ma mutanen kasuwa haka, ki hwaɗa ma liman. Amma har ni, Inna?"

Na rantse da Alƙur'ani. Na kira Cecilia ta shigo ta ce masa, "Baba, da magani ne, ai ni zan fara kawo maka." Ya ce mata ita ma ai ma'aikaciyar gwamnati ce. Ya juya fuska ga bango. Ranar bai ci abinci ba, bai yarda an wanke ciwon ba, washegari ma haka. In na shiga na gaishe shi sai ya amsa kamar yadda ake amsa wa baƙo.

Cecilia ce ta kawo shawara. Ta ce tunda abin ba ya kisa, in kankaro daga wani itacen daban in ba shi, a kan sharaɗin in ya sha zai yarda a tafi asibiti. Na je bayan gari na samo ƙyasfi a jikin wani dogon yaro, na yanka shi zagaye-zagaye, har ƙusa na soka. Na kawo masa a faranti. Ya ɗauki ɗaya ya juya, ya kai hanci, ya ajiye.

"Wanga bawon dogon yaro na. Naki na maɗacin tudu na, an kahe shi ga mangwaro, ƙusar ta yi tsatsa." Hawaye suka zubo masa, abin da ban gani ba ko ranar da mahaifiyata ta rasu. "Ashe har kin iya yi mani haka."

Kai, ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na ranar ba. Na fita tsakar gida na tsaya. Na san abin da ke jikin mangwaron nan ba zai yi wa ƙafarsa komai ba, na san shi kamar yadda na san sunana. Na kuma san in na cire, na cire aikina da hannuna. Amma tsohon nan zai mutu yana ganin 'yarsa ta hana shi magani saboda Turawa. Na koma ciki.

"Baba, in na ba ka na gaskiyar, za ka bari a kai ka asibiti?"

"In kin ba ni, duk abin da kinka ce."

"Ka yi alkawari?"

"Na yi. Amma da idona za ni gani ki cire."

Mota ba ta shiga hanyar garka, sai Dikko ya kawo amalanken shanunsa. Aka shimfiɗa katifa aka ɗora Baba, aka rufa wa ƙafar zane saboda ƙudaje. Garin Argungu kuwa ba a ɓoye amalanke da mara lafiya a kai da rana tsaka. Tun daga ƙofar gida aka fara binmu. Mata suka leƙo, masu shanyar shinkafa suka bar shanya, masu faci suka bar faci. Kafin mu kai shinge mun zama ayari.

Na tsaya gaban mangwaron. Rabona da shi tun kwanciyar Baba. 'Yan bawona suna nan a jere, kuma laimar da ta fara sauka ta taɓa su, sun yi kore shar. A gefen kowanne ga sabon bakin nan siriri ya fara kama jikin mangwaron, bai kai a kankara ba, amma ya kama. Abin da na yi shekaru ina jira ke nan, saura ruwa ya sauka a kansa 'yan watanni.

Na yi tunanin in cire rabi in bar rabi. Na waiga na ga mutanen da suka jeru a shinge, wasu da gatari a kafaɗa ko ɓoyewa ba su yi ba, na ga Dikko yana kallon gonar albasarsa. Duk abin da na bari ba zai kai la'asar ba. Na sa wuƙa a ƙarƙashin na farko na ɓanɓaro shi. Sabon bakin ya yage ya bar ɗan kore a jikin itacen, wanda ko kan allura bai cika ba.

"Da wancan na sama," in ji Baba daga kan amalanke. "Shi ya hi ƙarhi."

Na ciro na sama. Na ciro duka, na tara a gefen mayafina. Garin cirewa har na yanke yatsa ban ji ba.

Sai wata mata a bakin shinge ta ɗaga murya, ba da mugunta ba, da murna ma: "To kun gani! Tana ta rantse-rantse ba magani ba na. Ga shi da ciwo yaz zo gidansu ta ciro ma ubanta!"

Aka ɗauki salati da kabbara. Kafin amalanken ya juya sun tsallako shinge, ina jin saran gatari a bayana ban waiga ba.

A gida na wanke su, na cire ƙusoshin, na zuba a tukunya na dafa da kaina. Ruwan ya yi ja-ja, yana warin jiƙaƙƙen itace. Cecilia ta riga ta juya motar ta fuskanci hanyar Birnin Kebbi, ta shimfiɗa bargo a kujerar baya, ta buga wa likita waya ta ce muna tafe. Na tace a kofi na kai masa. Ya tashi zaune da kansa, abin da ya kwana biyu bai yi ba. Ya yi bisimilla ya shanye tas, ya yamutsa fuska.

"Da ɗaci," ya ce, yana murmushi. "Allah shi yi maki albarka, Inna. Na san ba ki bari na."

Ya kama hannuna ya riƙe, ya ga yankan wuƙar ya tofa masa addu'a. Na bari ya gama. Sannan na ce, "To Baba, mota tana waje. Sista tana jira."

Ya koma ya kwanta, ya gyara zanen a kan ƙafar, ya lumshe ido kamar wanda ya sauke kaya.

"Haba Inna, ke da kin yi karatu. A sha magani yanzu, a yanke ƙahwa yanzu? Ki ce ma Sista ta tahi gida ta huta. Mu ba shi lokaci shi yi aiki."